Daga Kwangila Zuwa Yerwa: Tsaron Wa Ake Yi?

Duk wanda zai tashi daga Zariya zuwa Maiduguri a mota, da agogo yake fara shawara kafin aljihu. Sojoji suna rufe hanyar Damaturu zuwa Maiduguri da yamma, kuma wanda rufewar ta riska a waje, a waje zai kwana. Shi ya sa na raba tafiyar biyu. Na bar Kwangila ranar Lahadi bayan la'asar, cikin Fabrairun 2025, ana saura 'yan makonni a kama azumi, na kwana Kano don in samu motar farko ta asuba. Abin da ya kai ni zama ne na kwana biyu da ma'aikatan agaji da malaman jami'a a kan abin da ake kira tsaron ɗan'adam, darasin da nake koyarwa a ajin siyasar ƙasa da ƙasa.

Zariya zuwa Kano babu labari. Naira 4,500 a Sharon, mu huɗu a kujerar tsakiya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, sai kwandunan tumatir jere a Kwanar Gafan. Na kama ɗaki kusa da Unguwa Uku a kan naira 12,000, mai fanka, aka kashe janareto ƙarfe goma sha biyu, sauro ya karɓi aiki.

Ƙarfe biyar da rabi ina tasha. Homa ce mai cin mutum 18, kujera naira 17,000. Ga wanda bai taɓa bin hanyar ba: katin shaidar ɗan ƙasa na hannu za ka riƙe, ka sa shi a aljihun gaba, kada ka dogara da hotonsa a waya, domin akwai shingen da fito da waya kansa laifi ne. Ka riƙe canji, da ruwan gora biyu, kuma ka rage shan shayi, don bayan Damaturu direba ba ya tsayawa wani ya kama ruwa. Kafin mu tashi ɗan kamasho ya zaga da takarda, kowa ya rubuta sunansa da lambar wanda za a kira in wani abu ya faru. Jiya a Kwangila ba wanda ya tambaye ni wannan. Wata mata da ba ta iya rubutu ba ta miƙo min biro, ta karanto lambar ɗanta da ka, sau biyu, a hankali.

Mun haye gadar Wudil gari na wayewa, muka wuce Shuwarin, muka karya a Azare da masa da miyar taushe, naira 800. A nan ne dattijon da ke gefena, wani mai fataucin wake tsakanin Borno da Dawanau, ya tambaye ni sana'ata. Da na ce ina koyar da tsaro, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, kai soja ne?"

Na ce a'a Alhaji, kuma wannan tambayar taka ita ce tushen darasin. Tun da aka kafa ƙasashe irin na yau, in an ce tsaro, iyaka ake nufi da sojan da ke gadinta: kada wata ƙasa ta shigo, kada a kifar da gwamnati. Bayan yaƙin cacar baka ya ƙare sai aka duba aka ga mafi yawan yaƙe-yaƙe a cikin gida ake yin su, kuma wanda yunwa da cuta ke kashewa ya ninka wanda harsashi ke kashewa. A 1994 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNDP, ta fitar da rahotonta na shekara a ƙarƙashin jagorancin Mahbub ul Haq, tsohon ministan kuɗin Pakistan, ta ce a sauke ma'aunin daga kan ƙasa a ɗora shi a kan mutum. Ta kasa tsaron ɗan'adam gida bakwai: abin yi da kuɗin shiga, abinci, lafiya, muhalli, tsirar jiki daga duka da kisa, tsirar al'umma da yarenta da addininta, da tsira daga zaluncin hukuma. Aka dunƙule su duka cikin abu biyu da aka aro daga jawabin shugaban Amurka Roosevelt na 1941, wato kuɓuta daga tsoro da kuɓuta daga rashi.

Dattijo ya gama suɗe hannunsa, ya ce, "To ai wannan Li'ilafi ce." Ya karanto ayar ƙarshe, wanda ya ciyar da su daga yunwa, ya amintar da su daga tsoro. Ya ƙara da hadisin nan da Tirmizi ya ruwaito, cewa wanda ya wayi gari da aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ni ma da wannan nake buɗe darasin a aji, amma ban gaya masa ba. Abin da na ce masa shi ne bambancin yana wajen kuɗi. Rahoton na 1994 bai tsaya a wa'azi ba, ya nemi a rage kasafin makamai, kuma ƙasashe matalauta su ware kashi 20 cikin 100 na kasafinsu, masu ba da agaji su ware kashi 20 na agajinsu, ga ruwa da asibitin matakin farko da makarantar firamare. Ya yi dariya ya ce, "An ware?" Direba ya danna hon, muka tashi.

Daga Potiskum hanya take canza fuska. Gari ne na tireloli da kasuwar shanu da ake lissafawa cikin manyan na Afirka ta Yamma, kuma gari ne da ya sha wuya: an kai wa kasuwar hari a 2012, an tayar da bam a makarantar sakandare a Nuwamban 2014. Daga nan zuwa ƙofar Maiduguri na ƙirga shinge 23. Ba iri ɗaya ba ne. Akwai na soja da buhunan yashi da durom, akwai na 'yan sanda, na kwastam, na shige da fice, na masu yaƙi da ƙwaya, da na 'yan ƙato da gora. Dokar duka guda ce: direba ya rage gudu tun daga nesa, a kashe rediyo, a sauke gilashi, waya ta koma aljihu, kada wanda ya ɗauki hoto. A biyu daga cikinsu an sauke mu gaba ɗaya, muka taka da ƙafa, kati a sama, mota ta biyo mu a baya. Wani saurayi da ba shi da kati ya ci mana minti ashirin, sai da direba ya yi ta "Oga, yarona ne, ni na san uwarsa" kafin aka sake shi.

A wasu shingayen, ba zan ce na waɗanne ba, direba yakan miƙa hannu a dunƙule ya dawo da shi a buɗe. Ɗari biyu nan, ɗari nan. Dattijo ya ce wannan wasa ne, in ga abin da babbar mota mai ɗauke da buhu 300 take ajiyewa kafin ta kai Kano. Duk ana ɗora shi a kan buhu, buhu ya ɗora wa tiya, tiya ta ɗora wa matar da ke sayen wake a kasuwar Tudun Wada. Shinge ɗaya ke nan ya ƙara tsaro a wani gida na bakwai ɗin, ya rage shi a wani.

Damaturu zuwa Maiduguri kusan kilomita 135 ne, kuma nan ne motar ta yi tsit. Kukareta, Ngamdu, Benisheikh, Mainok, Jakana, Auno: duk mai sauraron labarai ya san sunayen nan, kuma ba da alheri ya san su ba. A Benisheikh ne, cikin Satumban 2013, 'yan Boko Haram sanye da kayan soja suka tare hanya suka kashe matafiya sama da 100. An sare daji a gefe da gefen titi don kada a samu maɓoya. Can nesa kana hango turakun wutar da ke kai lantarki Maiduguri, waɗanda aka tayar wa bam a Janairun 2021 birnin ya daɗe cikin duhu, har aka gina masa tashar gas mai megawat 50 a 2023. Direbanmu bai sauka daga 120 ba sai a shinge. Kowa ya sha jinin jikinsa, mai carbi na ja, mai jariri ta rufe shi da mayafi.

Auno ƙauye ne da bai fi kilomita 25 daga Maiduguri ba, kuma in da zan iya ɗauko aji in kawo wuri guda, nan zan kawo su. Ranar 9 ga Fabrairun 2020 matafiya suka iso bayan an rufe ƙofar shiga gari da ƙarfe biyar, suka kwanta cikin motocinsu a bakin titi. Cikin dare maharan suka zo, suka cinna wa motoci wuta, suka kashe aƙalla mutum 30, suka tafi da wasu. Rufe ƙofar yana da hujja a littafin soja: dare ne lokacin shigar mahara, kuma birni mai mutane masu yawa haka ba a barinsa a buɗe. Birnin kuwa ya kwana lafiya a daren. Amma dokar ta tara mutane a wuri guda, a sa'a sananniya, ba mai gadinsu. Wanda ya auna da ma'aunin birni zai ce tsari ya yi aiki. Wanda ya auna da ma'aunin matar da ke cikin mota da goyo zai tambaya: da aka yanke shawarar rufewa, wa aka ɗora wa alhakin waɗanda za su makara? Gyaran ma ba ya buƙatar jirgin yaƙi. A tsayar da motoci tun daga Damaturu in lokaci ya ƙure, ko a keɓe wurin kwana mai gadi a cikin ƙofa. Yanzu direbobi da kansu suke wannan lissafin. Namu ya ce in biyu ta yi masa bai bar Damaturu ba, ya kwana ke nan, ko fasinja za su yi kuka.

Mun shiga ta Njimtilo wajen uku da rabi. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shiru irin na rashin babur. An hana hawa babur a Maiduguri tun 2011, saboda da shi ake harbi a gudu. Bazazzage da ya saba da 'yan acaɓa suna kutsawa tsakanin PZ da Kofar Doka sai ya ji kamar an cire wa gari wani abu. Keke Napep ce ta gaje shi. Birnin kuwa cike yake, da sabbin gadoji da fitilun kan titi masu aiki da hasken rana, ga ƙamshin turaren wuta daga shaguna. Masauki naira 20,000 a dare, da ruwa a famfo. Da daddare na ci burabusko da miyar kuka da naman danderu, naira 3,000. Wanda ya saba da tuwon masarar Zazzau zai ga kamar ba zai riƙe ciki ba, amma yana riƙewa.

Washegari a hanyar zuwa wurin taro mai Keke ya bi da ni ta Gwange. A jikin katangu akwai layi mai launin ƙasa, wani wurin ya kai kafaɗata, wani wurin ya wuce kaina. Sawun ruwan 10 ga Satumban 2024 ne, daren da madatsar Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo gari. Ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehu da asibitin koyarwa da gidan zu, fursunoni sama da 200 suka tsere bayan katangar gidan yari ta faɗi, mutane dubu ɗaruruwa suka bar gidajensu. Madatsar ta taɓa yin haka a 1994. Birnin da aka shekara goma sha biyar ana kare shi da rami da tankar yaƙi, ta bangon madatsar ruwan shansa aka ci shi. Mai Keken ya ce, "Malam, Boko Haram ba su taɓa kore ni daga gidana ba. Ruwa ya kore ni."

Ranar farko ta taro jawabai ne, na tsallake su. Abin da ya cancanci rubutu gardamar da ta tashi bayan azahar ce, a kan faɗin ma'anar tsaron ɗan'adam. Tsohuwar gardama ce. Kanada, zamanin ministan harkokin wajenta Lloyd Axworthy, ta ɗauki ɓangaren tsoro kawai, ta ce a tsaya a kan kare farar hula daga makami. Wannan hanyar ta haifar da abin da ake iya nunawa da yatsa: yarjejeniyar Ottawa ta 1997 da ta haramta nakiyoyin da ake binne wa mutane, wadda Amurka da Rasha da Sin ba su shiga ba, da yarjejeniyar Roma ta 1998 da ta kafa kotun hukunta manyan laifuka. Japan ta ɗauki ɓangaren rashi, ta zuba kuɗi aka buɗe asusu a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1999, ta tsaya aka kafa kwamitin da Sadako Ogata da Amartya Sen suka jagoranta, wanda rahotonsa na 2003 ya ce ƙafa biyu abin yake da su: kariya daga sama, da ƙarfafa mutane daga ƙasa su iya tsayawa da kansu.

Wani malami daga wata jami'ar arewa maso gabas ya ce shi bai yarda da kalmar ba sam, domin riga ce da manyan ƙasashe ke sawa su shigo gidan mutum. Ya kawo Libiya. Yana da gaskiya rabi. A taron shugabannin duniya na 2005 an amince da abu biyu a takarda ɗaya: alhakin kare jama'a daga kisan ƙare dangi a sakin layi na 138 da 139, da tsaron ɗan'adam a na 143. Da aka yi amfani da ƙudurin kwamitin sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai lamba 1973 a 2011 aka yi wa Libiya ruwan bama-bamai har gwamnatin Gaddafi ta faɗi, makaman rumbunanta suka bazu cikin Sahel, ƙasashe da yawa suka ja baya daga duk abin da ya yi kama da wannan. Shi ya sa ƙudurin babban zauren Majalisar mai lamba 66/290 na Satumban 2012 ya fito fili ya raba su: tsaron ɗan'adam daban yake da alhakin kariya, babu amfani da ƙarfi a cikinsa, kuma gwamnatin ƙasa ce mai alhakin farko. An samu yardar kowa, amma an cire wa kalmar haƙora kafin a samu.

Ni nawa ƙorafin daban ne, kuma na faɗe shi. In komai tsaro ne, daga sauro har rashin aiki, to da wanne za a fara ranar da kuɗi ya yi kaɗan? Kuɗin kuwa ya yi kaɗan a makon da muke zaune, domin a ƙarshen Janairu gwamnatin Amurka ta dakatar da agajinta na waje, kuma rabin waɗanda ke zauren ba su san ko suna da aiki a wata mai zuwa ba. Wani hafsan soja mai ritaya ya saurare mu duka, sannan ya ce, "Malamai, hanyar da kuka biyo jiya, wa ya buɗe muku ita da safe?" Ba wanda ya amsa, don ba ƙarya ya yi ba. Kafin mota ta farko ta wuce, akwai yaran da suka taka titin suna neman abin da aka binne cikin dare.

Rana ta biyu aka kai mu wata unguwar 'yan gudun hijira a bayan gari. Ba sansanin gwamnati ba ne. Waɗannan gwamnatin Borno ta fara rufe su tun 2021, tana mai da mutane garuruwansu. Wannan fili ne na wani bawan Allah da mutane suka kafa bukkoki a kai. A nan kalmar take komawa lamba. Ma'aikatan agaji suna aiki da ƙa'idojin Sphere, waɗanda aka fara tsarawa a 1997 bayan kwalara ta kashe dubban 'yan gudun hijirar Ruwanda a Goma. Mafi ƙarancin ruwa lita 15 ga mutum a yini, sha da girki da wanka. Wurin ɗiba kada ya wuce mita 500. Masai ɗaya ga mutum 20. Abinci mai ƙarfin kalori 2,100 a yini. Rufin kwana murabba'in mita uku da rabi ga kowane kai. Gida mai mutum bakwai ke nan yana buƙatar lita 105, jarka biyar da ɗoriya kullum.

Injiniyan ruwan da ya zaga da mu ya nuna mana inda lissafin ke karyewa. Rijiyar burtsatsen mai aiki da hasken rana ce, a hunturu ƙura takan rufe faifan, ƙarfin famfo ya ragu, tanki bai cika ba sai azahar; maganin tsumma ne da ruwa kowace safiya, amma sai an ɗora wa wani aikin. Ruwan yana fita da tsabta daga famfo, a tsakanin famfo da baki yake lalacewa: jarka marar murfi, randa mai faɗin baki, moɗa ɗaya da hannun kowa ke shiga. Ƙwayar tace ruwa kuma sai ta yi minti 30 kafin a sha, yaro mai ƙishi ba ya jira. Masai an gina su daidai adadi, amma babu sakata a ciki, babu fitila, kuma na maza da na mata suna fuskantar juna, don haka mata ba sa zuwa sai duhu ya yi, su zaga baya. A takarda an cika ƙa'ida. Ruwan sama na farko zai kwaso abin da ke bayan ya kawo bakin famfo.

A rumfar awon yara na daɗe. Wata ma'aikaciyar jinya, kowa na ce mata Anti, tana riƙe da igiyar awon dantse, wata 'yar leda mai launi uku. Ana auna yaro daga wata 6 zuwa 59, a hannun hagu, daidai tsakiyar kafaɗa da gwiwar hannu. Ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 11.5 zuwa 12.5 ruwan ɗorawa. Sama da haka kore. Sai ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku. In rami ya zauna, kumburi ne, ko da dantsen ya nuna kore. Aka kawo wata yarinya 'yar wata goma sha huɗu, igiyar ta zagaye hannunta ta tsaya a ja, faɗin bai fi wuyan kwalbar lemo ba. Anti ta yaga sinƙin abincin tamowa, gyaɗa ce da madarar gari da sukari da mai, giram 92 mai kalori 500, ta ba uwar ta lasa mata. Wannan gwaji ne: in yaro ya ci, a gida za a yi jinyarsa, a riƙa ba da na mako-mako gwargwadon nauyinsa, kusan katan ɗaya mai sinƙi 150 kafin ya warke cikin mako shida zuwa takwas. In ya ƙi ci, sai gado a asibiti. Yarinyar ta ci.

"Iya, wannan magani ne, ba na yayyenta ba ne," in ji Anti. Uwar ta ce to. Bayan ta tafi Anti ta ce min a nan aikin ke lalacewa: uwa mai 'ya'ya biyar da ba su karya ba, ba za ta iya ba ɗaya tana kallon huɗu ba. Sai a raba, ko a sayar da sinƙi biyu a sayi masara, yarinya ta dawo mako na gaba nauyinta bai motsa ba. Shi ya sa in ba a haɗa da abincin gidan gaba ɗaya ba, zuba ruwa a kwando ake yi. Kuma abinci bai ƙare a Maiduguri ba. Na shiga Kasuwar Monday, buhuna har rufi. Wannan shi ne abin da Sen ya nuna a kan yunwar Bengal ta 1943, cewa mutane suna mutuwa ne don abin da ke hannunsu ya kasa sayen abinci, ko da rumbu cike yake.

Wani magidanci da aka mayar garinsu ya sake dawowa ya bayyana min dalili. An haƙa rami an kewaye garin, soja na ciki, ba a kwana da tsoro. Amma gona tana waje. Ana buɗe ƙofa da safe a rufe da yamma, ba a wuce 'yan kilomita kaɗan, an taƙaita takin yuriya don ana haɗa bam da shi, kusa da gari ba a son shuka mai tsayi. Mutum dubbai a kan 'yar ƙasar da ke kusa, itacen girki ma ya ƙare, mata sai sun yi nisa, kuma nisan nan ne ake sace su. Wanda ya ƙetare kuwa ya san abin da ya sami manoman shinkafar Zabarmari a Nuwamban 2020, da aka binne 43 rana ɗaya. "Gaba kura, baya sayaki, Malam," ya ce. Yarjejeniyar Kampala ta 2009, wadda Najeriya ta amince da ita a 2012, ta ce komawa gida sai da son ran mutum, cikin aminci da mutunci. Gwamnati kuma tana da tata hujjar, cewa ba a gina al'umma a kan layin karɓar abinci shekara goma. Duka biyun gaskiya ne, sai dai tsakaninsu akwai gonar da ba a iya zuwa. Ina sauraronsa ina tuna ganuwar Zazzau. Waɗanda suka gina ta ba gidaje kaɗai suka kewaye ba, sun bar fili mai yawa a ciki, da gonaki da kududdufai, don in an yi wa gari zobe a ci a sha. Ramin yau bai yi wannan lissafin ba.

Na sayi hula zanna biyu da turaren wuta, ranar Alhamis ƙarfe shida ina tashar motocin Kano a Maiduguri. Motoci sun yi layi a ƙofa har aka buɗe, muka fita a jere kamar ayari. Komowa ta fi sauƙi, ko don an san abin da ke gaba. Kano da la'asar sakaliya, ban kwana ba, na kama ta Zariya.

A wannan motar ne na zauna da wani manomi daga yankin Giwa, wanda ya ce shekara biyu ke nan bai noma gonarsa ta daji ba. Ƙauyen da ke gaba da nasu sai sun haɗa kuɗi sun kai wa 'yan bindiga kafin a bar su su yi girbi. Iyalinsa suna wajen ƙaninsa a Zariya, mutum goma sha ɗaya a ɗaki biyu. Ba sansani, ba rajista, ba mai zuwa da igiyar awo. A Borno aƙalla ana ƙirga su. Namu na Giwa da Birnin Gwari sun narke cikin gidajen dangi a Dogarawa da Tudun Jukun, nauyin ya koma kan mai albashi ɗaya. Sashe na 14 na tsarin mulkin 1999 ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati, kusan manufa ɗaya da rahoton nan na 1994. Amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6 ya hana kotu ta tilasta. Na gaya wa manomin haka, ya ce shi dai taki yake nema da hanya.

Mun sauka Kwangila bayan isha'i. Mai Keke na farko ya ce ba ya shiga unguwarmu da dare, na biyu ya ninka kuɗi, na biya. Da safe famfo bai kawo ba, kamar yadda na bar shi. Na tsayar da ɗan ga-ruwa, jarka naira 150, mu takwas ne a gidan, na sa ya sauke shida.